Darajar Aiki a Kundin Tsarin Mulki: Doka Ce Ko Zancen Kamfe?

"Assalamu alaikum Barista. Ina aiki a wani kamfanin ruwan leda a nan Kaduna, albashina naira 35,000 a wata, kuma yanzu haka ina bin su bashin wata biyu. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, har Allah ya yi masa rasuwa bai karɓi kuɗin sallamarsa ba. Kwanan baya na ji 'yan siyasa biyu suna musu a rediyo. Ɗaya ya ce kundin tsarin mulki ya wajabta girmama aiki da biyan albashin da zai riƙe mutum, ɗayan ya ce rubutu ne kawai, babu kotun da za ta saurari wannan magana. Wanne ke da gaskiya? In kuwa yana ciki, me ya sa ba ma gani a ƙasa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Abin da kake son sani, ƙanena, shi ne ko darajar aiki doka ce da mutum zai riƙe ya shiga kotu da ita, ko kuwa kwalliyar baki ce ta masu neman ƙuri'a. A cikin mutanen nan biyu babu wanda ya yi ƙarya. Kowanne dai ya yanko ɓangaren da zai amfane shi ya tsaya a nan, kuma abin da ya fi shafarka yana cikin wanda suka bari. Na daɗe ina kai da kawo a kotun ma'aikata ta nan Kaduna, don haka bari in shimfiɗa maka yadda abin yake.

Abin da aka rubuta, da inda aka ajiye shi

Buɗe kundin 1999 a Babi na Biyu, daga sashe na 13 zuwa na 24. Sashe na 23 ya jera ɗabi'u bakwai da ya kira ɗabi'un ƙasa, darajar aiki ce ta uku. Sashe na 17(3) ya fi shi nama: ya ce gwamnati ta karkata manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai sami damar neman abin kansa da aikin da ya dace da shi, yanayin aiki ya zama na adalci da tausayi, a kare lafiyar ma'aikaci, kuma aiki iri ɗaya ya zo da lada iri ɗaya, mace ce ta yi ko namiji. Sashe na 16(2)(d) kuma ya ambaci mafi ƙarancin albashin da zai riƙe rayuwa, da fansho, da tallafin wanda ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo. To ka ga ɗan siyasa na farko bai ƙirƙiro komai ba.

Na biyun shi ma yana da madogara, wato sashe na 6(6)(c). Wannan sashe ya janye hannun kotu daga tambayar ko wani aiki na gwamnati, ko wata doka, ya dace da Babi na Biyu. In ka je gaban alƙali ka ce albashinka ba ya riƙe ka, sashe na 16 kuma ya yi maka alkawari, kafin ka zauna lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, kuma za a ba shi gaskiya. Babin nan kamar takardar bashi ne da aka sa wa hannu, aka buga hatimi, amma ba a rubuta ranar biya ba.

Da gangan aka yi haka. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin tsara kundi ƙarƙashin Rotimi Williams, wanda aikinsa ya haifar da kundin 1979. Su ne suka aro wannan tsari daga kundin Indiya na 1950, ita kuma Indiya ta aro daga na Ailan na 1937. Hujjar masu rinjaye ita ce alƙali ba ya raba kasafin kuɗi, kuma in aka ba kowa damar kai gwamnati ƙara kan aikin yi da abinci, kotuna za su cika da hukuncin da babu mai iya zartarwa. Mutum biyu a kwamitin ba su bi ayari ba: Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Dokta Segun Osoba. Sun rubuta nasu rahoton na daban a 1976, gwamnatin soja ta ajiye shi gefe. A 1981, a shari'ar Akbishop Okogie da gwamnatin Legas, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa babin ba na kotu ba ne, ta ce masu tsaronsa su ne majalisa da masu zaɓe. Riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Hujjar masu rinjaye ba ta banza ba ce, amma a ganina an kai ta inda ba ta kai ba. Dubi Italiya. Kundinsu da ya fara aiki a 1948 ya buɗe da cewa ƙasar jamhuriya ce da aka gina kan aiki, sashe na 36 kuma ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin lada daidai da yawan aikinsa da ingancinsa, wanda zai ishe shi da iyalinsa su rayu cikin mutunci. Alƙalansu suna ɗaukar sashen kai tsaye su ce wa mai kamfani wannan albashi ya yi kaɗan, ƙara masa. Ba su raba kasafin gwamnati ba, tsakanin mai aiki da mai biya kawai suka shiga. Afirka ta Kudu ma a kundinta na 1996 ta sa adalci a wurin aiki cikin haƙƙoƙin da ake kai ƙara a kansu. Wato rufe ƙofar da aka yi a nan zaɓi ne da mutane suka yi, kuma abin da mutane suka rubuta suna iya gyarawa.

Ƙofofin da suke buɗe

Inda ɗan siyasa na biyu ya yi shiru shi ne cewa darajar aiki ba a Babi na Biyu kaɗai take zaune ba. A Babi na Huɗu, wanda kotu ke da cikakken hurumi a kansa, sashe na 34 ya haramta bauta da aikin tilas, sashe na 40 kuma ya ba ka 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Kada ka raina na 34. Kakanninmu sun san diban gwamna, lokacin da ake tattara maza daga ƙauyuka a tura su haƙar kuza a Jos a yaƙin duniya na biyu, kuma layin dogon Baro zuwa Kano da ya ratsa ƙasar Zazzau da irin wannan gumi aka shimfiɗa shi. Yau mai kamfanin da ya kore ka don ka shiga ƙungiya ya taɓa haƙƙin da kundi ya kare.

Ƙofa ta biyu ta majalisa ce. A 2002, a ƙarar da Jihar Ondo ta shigar tana ƙalubalantar dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, Kotun Ƙoli ta nuna cewa in majalisa ta ɗauki wata manufa daga Babi na Biyu ta mayar da ita doka, to ta zama abin da kotu za ta tilasta. Haka mafi ƙarancin albashi ya zama haƙƙi: naira 125 a 1981, sai 5,500 a 2000, sai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, sai 70,000 a watan Yulin 2024. Haka dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda wanda inji ya cinye wa yatsu. Haka dokar fansho ta 2014. Kowacce a cikinsu wani yanki ne na sashe na 16 ko na 17 da aka sa wa ranar biya. Sai dai ka lura da abu ɗaya: naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200, amma naira 70,000 a ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Kundi ya ce albashin da zai riƙe rayuwa, doka kuma lamba kawai ta rubuta, lambar da tsadar kaya ke cinyewa tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Ta uku ita ce wadda na fi sani. Gyaran kundi na uku, na 2010, ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zuwa sahun manyan kotuna, sashe na 254C kuma ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yin amfani da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A da, ƙa'idar da muka gada daga Ingila ita ce mai kamfani yana iya sallamarka da dalili ko babu dalili, muddin ya ba ka notis. Yanzu kotun ma'aikata ta sha yanke cewa sai da dalili karɓaɓɓe, tana dogaro da yarjejeniya ta 158 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ko da yake ba kowane hukuncin kotun sama ne ya bi ta a kan haka ba. Akwai kuma yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda Najeriya ta mayar dokar gida a 1983, sashenta na 15 ya yi maganar yin aiki cikin yanayi na adalci. Mukan kawo ta a matsayin tokara, tare da sashe na 17 ɗin kansa: ba ma cewa alƙali ya zartar da shi, cewa muke ya karanta sauran dokoki da haskensa.

Batunka da na Baba

Bashin wata biyu ba ya buƙatar Babi na Biyu ko kaɗan. Ka yi aiki, ba a biya ka ba, wannan karya yarjejeniya ne, kuma kotun ma'aikata za ta saurare ka. Batun naira 35,000 kuwa ya dogara da abu biyu da ban gani a wasiƙarka ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire wanda ake biya bisa kamasho ko bisa adadin abin da ya yi. Kamfanonin ruwa da yawa a garin nan bisa jaka suke biya, wasu kuma suna raba ma'aikata gida biyu a takarda don kada lissafi ya kai 25. In ku kun kai, kuma albashin wata ake ba ka, to kana bin cikon kuɗin tun daga lokacin da dokar ta fara aiki.

Abin da ke kayar da irin ku a kotu kusan kullum shaida ce. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ka takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinka, amma mafi yawan waɗanda ke zuwa ofishina ba su taɓa ganin irinta ba. Wani matashi da ke aiki a wata masana'antar roba ya zo mini babu komai sai tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. A cikinta akwai alat na banki da ke shigowa duk ƙarshen wata da sunan kamfanin, da hoton rajistar da suke sa hannu da safe. Kamfanin ya ce bai san shi ba. Waɗannan biyun ne suka tsayar da maganar, har suka nemi sulhu. Don haka ka adana alat, da katin shaida, da duk saƙon da manaja ya turo maka. Ka rubuta takardar neman haƙƙinka ka riƙe kwafi, ka kai koke ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kaduna, kuma in da hali ku tafi ku da yawa, don wanda ya je shi kaɗai shi ake fara kora. Kada ka yi jinkiri, akwai dokokin wa'adin shigar da ƙara. Wannan bayani ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin lauyan da zai zauna ya duba takardunka ba.

Kuɗin sallamar Baba bai mutu da mutuwarsa ba, ya shiga cikin gado, magada na iya nema da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Amma ba zan sa maka rai fiye da kima ba. Na ga dattawa suna kwance katin aikinsu daga cikin leda, hoton ciki na saurayi mai cikar gashi, mai riƙe da shi kuma ido ya fara dushewa. Wasunsu suna da hukuncin kotu a hannu, amma kamfanin da za a karɓa a wurinsa ya zama kango. Kotu na iya cewa a biya, ba ta iya tayar da injin da ya mutu.

Yadda ake jan maganar a siyasar Kaduna

Garin nan da gumin ma'aikata ya girma. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957 zamanin Sardauna, Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya, Peugeot ta zo a 1975, matatar mai a 1980. Unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa da jiniyar canjin aiki suke tashi suke kwanciya. Daga masaƙar Arewa Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007. Da KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta sun shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, alhali jihohin Arewa ne masu ita. A nan ne nake ganin an fi cin amanar sashe na 17, don alkawarin samar da aiki ba a kotu ake karya shi ba, a wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa da mutuwar noman auduga ake karya shi.

Sai rigingimun baya-bayan nan. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su ta ɗauki sababbi. A watan Afrilun 2021 aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta fara yajin gargaɗi ranar 17 ga Mayu, wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa da bankuna suka tsaya, aka janye a rana ta uku bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Abin lura shi ne kowane ɓangare da Babi na Biyu ya yi yaƙi. Gwamnati ta ce albashi yana lashe fiye da kashi 80 cikin 100 na kason da take samu daga asusun tarayya, kuma sashe na 14 ya ce jin daɗin al'umma duka ne aikinta, ba na ma'aikata kaɗai ba. Ɗan talaka ma yana da haƙƙin malamin da ya iya karatu. 'Yan ƙwadago suka ce mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa ba a jefar da shi da takarda ɗaya.

Ra'ayina a nan shi ne darajar aiki ba ta nufin kujera ta zama gado, kuma ba ta hana gwamnati rage ma'aikata in ta kama. Abin da take nufi shi ne yadda ake yi. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya shimfiɗa hanya: a sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya shigo ƙarshe tare da duba ƙwazo, a zauna a tattauna kuɗin sallama. Sashe na 210 na kundi kuma ya kare fansho da garatutin ma'aikacin jiha, har ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka duba albashi, kuma wannan ba ya cikin babin da aka rufe wa kotu. Da wannan nake auna kowace gwamnati, ta kowace jam'iyya. Musulmin Kaduna ya san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, Kiristanta ya san ayar da ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. A wannan batu aƙalla, tsallaken kogin Kaduna da wannan gefen bakinsu ɗaya.

Abin da ya fi damuna a muhawarar shi ne ta ƙuntata. Da an ce ma'aikaci sai hankali ya tafi sakatariya. Alhali alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su ƙarƙashin wani tsari na hukuma. Mai walda a Panteka, tela a Kasuwar Barci, ɗan dako a Kasuwar Shaikh Gumi, yarinyar da ke aikatau a gidan masu hali, malamar makarantar kuɗi da ake ba wa naira dubu ashirin, kai kanka: babu kujerarku a teburin da ake yanke albashi. Kaduna tana cikin jihohin farko da suka fara biyan 30,000 a 2019, kuma Gwamna Uba Sani ya amince da 72,000 a 2024, amma wannan ba ya isa aljihun mai ɗaure ruwa a leda sai in akwai jami'in da zai shiga kamfani ya buɗe littafin albashi.

Yanzu mu koma ga maganar kotun 1981, cewa majalisa da masu zaɓe ne masu tsaro. Kundin ya ba ka igiya biyu da ba a cika ambatonsu a rediyo ba. Sashe na 224 ya ce manufofin kowace jam'iyya dole su dace da Babi na Biyu. Rantsuwar kama aiki kuma, wadda shugaban ƙasa da gwamna ke yi da littafi mai tsarki a hannu, tana ɗauke da alkawarin kiyaye wannan babi. Saboda haka ɗan siyasar da ya ce rubutu ne kawai, a kan rubutun ya rantse ko zai rantse. Wanda kuma ke ta kirarin darajar aiki, a tambaye shi wace doka zai kawo. Tarihi ya nuna ba a taɓa samun ko ɗaya a sadaka ba: albashin 1981 sai da NLC ta Hassan Sunmonu ta tsayar da ƙasa a watan Mayun shekarar, hutun ranar ma'aikata kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta fara ba da shi a Kano a 1980 kafin tarayya ta bi.

Tambayoyin da zan so in ji ana yi wa masu neman kujerar majalisa daga Kaduna ba su da wuyar fahimta. Za ka goyi bayan rage adadin nan na mutum 25, ko cire shi? Me za ka yi da masu biya bisa jaka? Ina ka tsaya kan mayar da albashi hannun jihohi, kamar ƙudurin da Garba Datti Muhammad mai wakiltar Sabon Gari ya kawo a 2021, wanda ya fito da 'yan ƙwadago kan titi? Masu goyon bayansa suna cewa arzikin Legas ba ɗaya yake da na Zamfara ba, kuma gaskiya ne. Amma ni ina ganin in babu ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa a faɗin ƙasa, jihohin da ƙungiyoyinsu ba su da ƙarfi su za su fara zamewa. Gyaran 2024 ya rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato zai faɗo a 2027, shekarar zaɓe. A wannan zama ne za a iya shigar da kamfani irin naku cikin dokar ko a sake barin sa a waje.